Baƙar Juma'a: Yadda Amurka Ta Bi Sawun Kuɗin Cacar Karta a Intanet

Ranar Juma'a, 15 ga Afrilu, 2011, dubban mutane a Amurka suka kunna kwamfutocinsu kamar yadda suka saba, suka nufi shafukan da suke buga karta a kai. Abin da ya tarbe su shi ne tambarin hukumar FBI da na Ma'aikatar Shari'a, tare da sanarwar cewa gwamnati ta ƙwace adireshin shafin. Manyan kamfanoni uku abin ya rutsa da su: PokerStars, Full Tilt Poker da Absolute Poker. Wani ɗan canji ne kawai a asusunsa, bai damu sosai ba. Wani kuwa duk abin da ya mallaka yana ciki, domin wasan ne sana'arsa. Tambaya ɗaya kowa ya kwana da ita: kuɗin da na gani jiya a allo, yanzu suna ina? Tun daga ranar 'yan wasan suke kiranta Baƙar Juma'a.

Mu da muke rubuta manhaja mun san amsar da yawancin mutane ba su so su ji. Lambar da ke fitowa a allo a matsayin kuɗin mutum, layi ɗaya ne a rumbun bayanai na kamfani. Alkawari ne cewa in ka nema za a ba ka. Ko akwai kuɗin a banki ko babu, manhajar za ta nuna lambar, fes da ita. Wannan ne ya sa muke ganin tarihin dokar cacar karta a Amurka ya cancanci a karanta shi ko ga wanda bai taɓa riƙe karta ba, kuma ba shi da niyyar riƙewa. Matsayin caca a addini da al'adarmu sananne ne, ba shi muka zo maimaitawa ba. Abin da muke so mu bi shi ne yadda ƙasa mai ƙarfin Amurka ta shafe shekaru tana neman inda za ta kama wani abu da ba shi da shago ba shi da ƙofa, da kuma abin da ya sami kuɗin mutane a tsakani.

Amana biyu

Poka wasan karta ne da ake yi da fakiti mai kati 52. A nau'insa da ya fi shahara, ana raba wa kowane ɗan wasa kati biyu a rufe, sannan a jera guda biyar a tsakiyar teburi kowa yana gani. Ana zuba kuɗi zagaye bayan zagaye, wanda ya ga ba zai kai labari ba ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya zuba. Bambancinsa da yawancin caca shi ne 'yan wasa junansu suke ci. Mai gidan caca kamasho kawai yake cira daga abin da aka tara a kowane zagaye.

A teburi na zahiri, ɗan wasa yana kallon hannun mai lale karta, kuma kuɗinsa suna gabansa. Da wasan ya koma intanet sai ya rasa duka biyun. Dole ya yarda cewa kwamfutar kamfani ta lale katin da gaskiya kuma ba wanda ke leƙen nasa. Dole kuma ya yarda cewa kuɗin da ya tura suna ajiye. Duk abin da ya biyo baya, labarin waɗannan amanoni biyu ne da kuma wanda ya kamata ya tsare su.

An fara wasan poka na kuɗi a intanet ranar 1 ga Janairu, 1998, a wani shafi mai suna Planet Poker. Ba a cika shekara biyu ba aka gano ɓaraka a amanar farko. Kamfanin da ya rubuta wa shafin manhajar lale karta, ASF Software, ya wallafa tsarin lissafinsa a fili domin ya nuna babu maguɗi. A 1999 wasu masana tsaron manhaja na kamfanin Reliable Software Technologies suka zauna suka karanta. Kati 52 ana iya jera su ta hanyoyi masu yawan da sai an rubuta 8 da sifili 67 a bayanta. Amma manhajar tana ɗauko lambar da take fara lissafi da ita ne daga agogon kwamfuta, wato adadin ɓangarorin daƙiƙa da suka wuce tun tsakar dare. Wannan ya rage hanyoyin zuwa miliyan 86.4. Da masanan suka daidaita agogonsu da na kamfanin, sai suka rage zuwa kimanin 200,000, abin da kwamfutar gida za ta bincike nan take. Da zarar sun ga kati biyar, biyu na hannunsu da uku na tsakiya, sun san katin kowa a teburin da wanda zai fito a gaba. Sun sanar da kamfanin, aka gyara. Abin lura shi ne babu wata hukuma da ta gano wannan, domin a lokacin babu hukumar da aka ɗora wa alhakin dubawa.

Dokar da aka rubuta saboda wayar tarho

Babbar dokar tarayya da Amurka ke da ita a kan caca daga nesa ita ce Dokar Waya ta 1961. An yi ta ne lokacin da Robert Kennedy yake babban lauyan gwamnati, domin a karya gungun masu laifi da ke karɓar cacar tseren dawaki da wasanni ta wayar tarho daga wannan jiha zuwa waccan. Dokar ta ambaci wasannin motsa jiki da gasa. Shin ta haɗa da karta? Ma'aikatar Shari'a ta ce ta haɗa da kowace irin caca. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar da ta shafi MasterCard, ta ce a'a, cacar wasanni kaɗai dokar ke nufi. Sauran dokokin caca kuwa na jihohi ne, kowace da nata, kuma da yawansu sun rataya hukunci a kan tambayar ko sa'a ce ta rinjayi wasa ko ƙwarewa.

Kamfanonin suka ga wannan ruɗani suka tattara suka kafa kansu a waje: Kosta Rika, Antigua, Jibralta, tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayalan. Kwamfutocinsu suna can, abokan cinikinsu suna Amurka. Har ƙaramar ƙasar Antigua ta kai Amurka ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2003, tana cewa an toshe wa kamfanoninta kasuwa alhali Amurka ta bar nata kamfanonin suna karɓar cacar tseren dawaki daga nesa. Antigua ta yi nasara, a 2007 aka ƙiyasta asararta dala miliyan 21 a shekara. Amurka ba ta sauya dokarta ba.

Abin da ya mayar da wasan gagarumar kasuwa ya faru ne a 2003. Wani akawu daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker ya shiga wata ƙaramar gasa a PokerStars da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya samu kujera a babbar gasar duniya da ake yi a Las Vegas. Bai taɓa buga gasa irin wannan ido da ido ba. Ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan 2.5, kuma an nuna a talabijin. Duk wani ma'aikacin ofis da ya kalla ya ce in wannan zai iya, ni ma zan iya. Mutum 839 ne suka shiga gasar a 2003. A 2006 sun kai 8,773.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan guguwa shi ne PartyGaming, mai shafin PartyPoker. Wani injiniyan manhaja ɗan Indiya, Anurag Dikshit, shi ya rubuta manhajar kamfanin, aka ba shi kaso mai tsoka a ciki. A watan Yuni 2005 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan da darajar fam biliyan 4.6, ya kuma shiga sahun manyan kamfanoni 100 na kasuwar. Mafi yawan kuɗin shigarsa daga Amurka suke fitowa, ƙasar da gwamnatinta ke cewa sana'ar tasa haramtacciya ce.

An bar wasan, an tare kuɗin

A daren 29 ga Satumba, 2006, wayewar 30, majalisar dokokin Amurka tana gaggawar tafiya hutun yaƙin neman zaɓe. Akwai wani ƙudurin tsaron tashoshin jiragen ruwa da kowa ya san dole ya wuce. A ƙarshen lokaci aka liƙa masa wani sashe da ba shi da alaƙa da jiragen ruwa, da goyon bayan shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa, Bill Frist. Wannan sashe shi ne dokar da ake kira UIGEA a taƙaice. Shugaba George W. Bush ya sa mata hannu ranar 13 ga Oktoba.

Dokar ba ta ce poka haramun ne ba, ba ta kuma ɗora wa ɗan wasa laifi ba. Ba ta ma fayyace wace caca ce haramtacciya ba, ta bar wannan ga dokokin da ake da su, waɗanda su ne ake gardama a kansu tun farko. Abin da ta yi shi ne hana kamfanin caca karɓar kuɗi daga katin banki, ceki ko tura kuɗi ta waya in cacar ta saɓa wa wata doka, sannan ta umarci bankuna su toshe irin wannan ciniki. Masu dokar sun gane cewa kwamfutar da ke tsibiri ta fi ƙarfin hannunsu, amma kowace dala sai ta bi ta banki kafin ta isa tsibirin.

Ranar Litinin da aka buɗe kasuwa a Landan, hannun jarin PartyGaming ya zubar da fiye da rabin darajarsa a yini ɗaya. Kamfanin ya rufe ƙofarsa ga Amurkawa, kamar sauran kamfanonin da ke kasuwar hannun jari. A Janairu 2007 aka kama mutum biyu da suka kafa Neteller, asusun intanet da yawancin 'yan wasa ke bi su tura kuɗi, kuɗin Amurkawa da ke ciki suka maƙale watanni. A Disamba 2008 Dikshit ya je kotu a New York ya amsa laifin saɓa Dokar Waya, ya amince ya biya dala miliyan 300.

PokerStars, Full Tilt da Absolute kuwa suka zauna. Ba su cikin kasuwar hannun jari, lauyoyinsu kuma sun ba su shawarar cewa poka wasan ƙwarewa ne da dokokin ba su shafa ba. Sakamakon dokar 2006 ke nan a aikace: kamfanonin da ke buga lissafinsu duniya ta gani sun fice, an bar miliyoyin 'yan wasa a hannun waɗanda ba wanda ke ganin littafinsu.

Mai ganin katin kowa

A 2007 'yan wasa a Absolute Poker suka fara ƙorafi a kan wani asusu mai suna Potripper. Yana wasa kamar wanda bai san komai ba, amma ba ya faɗuwa. In abokin karawarsa yana da kati mai ƙarfi sai ya janye, in yana burga ne da hannu wofi sai ya bi shi. Wanda ya zo na biyu a wata gasa da Potripper ya lashe ya nemi kamfanin ya turo masa tarihin wasansa. Abin da aka turo masa ya wuce abin da ya nema: fayil ne mai ɗauke da rufaffen katin kowa, da adireshin intanet na duk wanda ya zauna ko ya tsaya kallo. 'Yan wasa masu ilimin lissafi da kwamfuta suka yi wa fayil ɗin filla-filla. Suka ga wani asusu mai lamba 363 yana bin Potripper teburi zuwa teburi a matsayin ɗan kallo, kuma sawunsa yana komawa cikin kamfanin. Ashe akwai wata ƙofa a manhajar da ke nuna wa mai ita katin kowa.

Da farko kamfanin ya musanta, daga baya ya amsa. Hukumar da ta ba shi lasisi ita ce ta Kahnawake, yankin 'yan asalin ƙabilar Mohawk da ke kusa da Montreal a Kanada. Ta ci shi tarar dala 500,000. Shekara na zagayowa aka gano irin wannan a UltimateBet, shafin da ke ƙarƙashin masu Absolute, kuma nan abin ya fi muni, don an shafe shekaru ana yi. Hukumar ta ci tarar dala miliyan 1.5, aka mayar wa waɗanda aka cuta kimanin dala miliyan 22, ta kuma ambaci Russ Hamilton, zakaran duniya na 1994, a matsayin babban wanda ke da hannu. Ba a gurfanar da shi a kotu ba. Ɗan wasan da aka cuta a Amurka ba shi da wurin kai kuka, tunda a idon gwamnatinsa bai ma kamata ya zauna a teburin ba.

Shagunan furanni da ba su sayar da fure

Kowane ciniki da aka yi da katin banki yana tafe da wata lamba da ke nuna irin sana'ar mai karɓar kuɗin. Lambar caca ita ce 7995. Banki ba ya buƙatar bincike mai zurfi, layi ɗaya a manhajarsa ya isa ya ƙi duk cinikin da ya zo da ita. Saboda haka kamfanonin da suka zauna a Amurka suka koma hannun dillalai. A cewar masu gabatar da ƙara, dillalan sun ƙirƙiri kamfanonin bogi da shafukansu na intanet, masu cewa suna sayar da furanni, kayan ado, ƙwallon golf ko kayan dabbobin gida, domin banki ya ɗauka siyayya ce. Da bankuna suka fara ganewa, sai aka nemi ƙananan bankunan da ke cikin matsi. Ɗaya daga cikinsu shi ne SunFirst da ke garin St. George a jihar Utah, wanda aka yi wa alkawarin zuba jarin dala miliyan 10 in ya yarda ya riƙa wucewa da kuɗin.

A nan ne gwamnati ta sami abin kamawa. Ana iya shekara ana gardama a kan ko poka sa'a ce ko ƙwarewa, amma yi wa banki ƙarya laifi ne da ba ya buƙatar wannan gardamar. Takardar tuhumar da mai gabatar da ƙara na tarayya a Manhattan, Preet Bharara, ya buɗe ranar Baƙar Juma'a ta ƙunshi mutum 11, da laifuffukan damfarar banki, halatta kuɗin haram da gudanar da haramtacciyar caca. Cikinsu akwai Isai Scheinberg na PokerStars, Raymond Bitar na Full Tilt da Scott Tom na Absolute. An ƙwace adireshin shafuka biyar, aka nemi a daskarar da asusun banki fiye da 70 a ƙasashe 14. Rana dubu ta ɓarawo, in ji masu iya magana, rana ɗaya ta mai kaya.

Da kowa ya zo karɓar kuɗinsa

Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta ba kamfanonin dama su mayar wa Amurkawa kuɗinsu. Nan ne aka ga bambanci. PokerStars, wanda ke da lasisin tsibirin Man, ya ajiye kuɗin 'yan wasa a asusu daban da na hidimar kamfani. Cikin makonni ya biya mutanensa. Full Tilt ya yi ta ba da haƙuri. Wata ya wuce, wani ya shigo. A ƙarshen Yuni hukumar tsibirin Alderney da ta ba shi lasisi ta dakatar da shi, shafin ya mutu ga duniya baki ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa taka Amurka ba.

A watan Satumba masu gabatar da ƙara suka fito da lissafin. A ƙarshen Maris 2011, 'yan wasa na bin Full Tilt kimanin dala miliyan 390, abin da ke bankunansa kuwa kusan miliyan 60 ne. Cikin shekaru huɗu kafin nan, masu kamfanin sun raba wa kansu fiye da dala miliyan 440. Akwai kuma wani abu da mu masu sana'ar nan ya fi tsaya mana a rai. Lokacin da hanyoyin cire kuɗi daga bankunan Amurka suka toshe, kamfanin bai gaya wa kowa ba. Mutum zai danna cewa ya saka dala 500, manhajar ta nuna masa 500 a asusunsa, alhali ba a ciro ko sisi daga bankinsa ba. Ya buga da su, wani ya cinye, wancan kuma ya nemi a biya shi da kuɗin gaske. Irin waɗannan kuɗin iska sun kai kimanin dala miliyan 130. Bharara ya kamanta kamfanin da damfarar nan da ake biyan tsoho da kuɗin sabo, irin wadda muka gani a MMM. Lauyoyin kamfanin sun ƙi wannan suna.

Cikin shugabannin Full Tilt akwai fitattun 'yan wasa biyu da fuskokinsu ke kan tallan kamfanin, Howard Lederer da Chris Ferguson. Ferguson zakaran duniya ne na 2000, kuma yana da digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta daga jami'ar UCLA. Su biyun sun sasanta da gwamnati a ƙarar neman diyya, suka miƙa dukiya ba tare da amsa laifi ba. Bitar ya amsa laifi a 2013, kotu ta ƙyale shi bai je kurkuku ba saboda ciwon zuciya mai tsanani.

Wanda ya ceci 'yan wasan a ƙarshe shi ne abokin hamayya. A Yuli 2012 PokerStars ya sasanta da gwamnati a kan dala miliyan 731: miliyan 547 ga gwamnatin Amurka, miliyan 184 ga 'yan wasan Full Tilt na sauran ƙasashe, shi kuma ya mallaki kamfanin. Amurkawa sai a Fabrairu 2014 suka fara ganin kuɗinsu. Mutanen Absolute da UltimateBet kuwa sun jira har 2017. Scheinberg ya miƙa kansa a 2020, ya amsa laifi ɗaya, aka ci shi tarar dala 30,000. Kafin nan, a 2014, an riga an sayar da kamfanin da ya kafa a kan dala biliyan 4.9.

Magana ta koma jihohi

Watanni takwas bayan Baƙar Juma'a, ranar 23 ga Disamba, 2011, Ma'aikatar Shari'a ta fitar da wani ra'ayi da ya juya matsayinta na shekaru. Jihohin New York da Illinois ne suka tambaya ko za su iya sayar da tikitin cacar jiha ta intanet. Amsar ita ce Dokar Waya cacar wasanni kaɗai ta shafa. Wannan ya buɗe wa kowace jiha ƙofar yanke wa kanta hukunci. Gardamar sa'a da ƙwarewa ma ta je kotu: a 2012 alƙali Jack Weinstein na Brooklyn ya yanke cewa ƙwarewa ce ta rinjayi poka, amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce tunda dokar jihar New York ta hana, wannan ya wadatar.

Nevada ce ta fara, a Afrilu 2013, sai Delaware da New Jersey a Nuwamba. Dokokinsu sun nufi wuraren da aka ji ciwo. Ana gwada manhajar lale karta kafin a ba da lasisi. Dole a ware kuɗin 'yan wasa daga na kamfani. Sai mutum ya kai shekara 21, kuma ya tabbatar da ko shi wane ne. A New Jersey dole kwamfutocin kamfani su kasance a Atlantic City, inda jami'an hukuma za su iya shiga su duba. Manhajar kuma tana auna inda mutum yake ta siginar waya da ta intanet, in ya tsallaka iyakar jiha ta tashe shi daga teburi.

Wannan iyaka ta zo da nata matsalar. Poka yana buƙatar jama'a, Nevada kuwa mutanenta ba su kai miliyan 3 ba a lokacin. Ultimate Poker, shafin farko mai lasisi, ya rufe a Nuwamba 2014. Jihohin suka ƙulla yarjejeniyar haɗa 'yan wasansu, Pennsylvania ta buɗe nata a 2019, Michigan a 2021. A tsakani, a farkon 2019, Ma'aikatar Shari'a ta sake juyawa ta ce Dokar Waya ta shafi kowace caca, matsayin da attajirin gidajen caca Sheldon Adelson ya daɗe yana fafutuka a kai. Hukumar cacar jihar New Hampshire ta kai ƙara, a Janairu 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta gaskiya. Har yau jihohin da suka halatta wasan ba su kai 10 ba cikin 50, a jihar Washington kuwa tun 2006 buga shi a intanet babban laifi ne ga ɗan wasan kansa.

Abin da ya shafe mu

Poka bai yi kasuwa a wajenmu ba, cacar ƙwallo ce ta cika wayoyin matasa. Amma tambayar wa ke da ikon yin doka ta iso mu. A Nuwamba 2024 Kotun Ƙolin Najeriya, a ƙarar da jihar Legas ta jagoranta, ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta aiki a jihohi, sai a Abuja kaɗai, kowace jiha ita ke da hurumin nata. A Kano, Hukumar Hisbah ta sha rufe shagunan caca. Shago dai yana da ƙofa da za a garƙame. Manhajar da ke aljihun yaro ba ta da ita, kuma abin da Amurka ta gano a 2006 shi ne hanyar kuɗi ce kaɗai ake iya tarewa. Ta kuma gano a 2011 cewa in an tare hanyar ba a duba inda kuɗin da suka riga suka wuce suke ba, talaka ne ke kwana a ciki.

Darasin bai tsaya a caca ba. Yau muna ajiye kuɗi a manhajojin adashe, na zuba jari, na kuɗin intanet, da wasu da ba mu san ƙasar da masu su suke ba. Tambayoyin da 'yan wasan Full Tilt suka so a ce sun yi tun farko su ne namu: wace hukuma ce ta ba da lasisi, tana iya shiga ta duba littafin, kuma kuɗinmu a ware suke ko a haɗe da na kamfani?

Sauran magana tamu ce, mu masu rubuta manhaja. Ƙofar da ta nuna wa asusu mai lamba 363 katin kowa, wani ne ya gina ta. Tsarin da ke nuna wa mutum dala 500 da ba a karɓo ba, wani ne ya zauna ya daidaita shi, wataƙila da sunan gyara na ɗan lokaci har banki ya dawo daidai. Irin wannan aiki ba ya zuwa da sunan zamba. Yana zuwa ne cikin jerin ayyukan mako, da wa'adin ranar Juma'a, kuma mai ba da shi yakan ce kada a damu, an san da maganar a sama. Da yawanmu za mu gamu da irinsa wata rana. Ya kamata mu san tun yanzu abin da za mu ce.